Furannin Dajin Daura da Gajeren Wa'adinsu

Duk wanda ya ratsa ƙasar Daura a ƙarshen bazara, ko ya bi hanyar Mai'aduwa zuwa Kwangwalam, ko ya nufi Sandamu, ko Zango, ko Baure, a lokacin da rana ta ƙwalle, rairayi ya yi zafin da ba ya takuwa sai da takalmi, dabbobi sun lashe ɗan abin da ya rage na kara da yayi, iska kuwa ba ta ɗauko kome sai ƙura, to, idan aka ce masa a ƙarƙashin wannan busasshiyar ƙasa akwai rayuka dubu bisa dubu kwance suna sauraron wa'adi, da ƙyar zai gaskata. Amma da shamuwa ta sauka, hadari ya haɗu daga gabas, aka yi ruwa guda mai ƙarfi wanda ya jiƙa ƙasa har manomi ya tona ya ce shuka ta yi, ba a kwana bakwai sai fuskar daji ta sauya, tsiro ya keto ko'ina, har a wuraren da mutum zai rantse ba a taɓa ganin ganye ba. Bayan wannan kore sai furanni su biyo, fari da ja da rawaya da shuɗi, kowanne da ranarsa, waɗansu ma da sa'arsu, su yi abin da aka halicce su dominsa cikin gaggawa, su shuɗe tun ba a kai ga yanke gero ba.

Mu dai Hausawa galibi ba mu cika tsayawa kallon wannan al'amari ba, kuma ba abin zargi ba ne, gama mutumin da abincinsa na shekara ya rataya a kan wata uku, idonsa na kan hatsi, duk abin da ya fito a gona ba da izininsa ba kuwa sunansa ciyawa, maganinsa fartanya. Fure a wurinmu alkawari ne kawai na abin da zai biyo baya: idan wake ya yi huda mun yi murna saboda wake, ba saboda hudar ba. Duk da haka ina ganin akwai hasara babba a cikin wannan kau da kai, domin waɗannan ƙananan tsirrai, waɗanda ba wanda ya shuka su, ba wanda ya yi musu noma ko ya zuba musu taki, sun riga mu sanin ƙasar nan, sun kuma fi mu iya zama da ita, ga shi kuma suna ƙarewa a gaban idonmu, su da sunayensu, ba tare da an ce uffan ba.

Kafin a fahimci gaggawarsu sai an san ƙuncin lokacin da aka ba su. Birnin Daura yana sama kaɗan da digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, ruwan da ke sauka a ƙasar kuwa a shekara mai matsakaicin hali yana wajen milimita 600, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba, mafi yawansa kuma a watan Agusta, lokacin marka. Malamanmu na hisabi sun daɗe da ƙididdige wannan da manzilolin taurari 28, kowane da kwana 13 in ban da Jabaha mai 14, suka ba damina bakwai daga cikinsu, watau Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabaha da Harsan, jimla kwana 92 ke nan. A cikin wannan ɗan taƙi ne ya wajaba a kan kowane haki ya tsira, ya yi saiwa, ya yi ganye, ya yi fure, ya sami wanda zai kai masa bununi, ya ƙulla 'ya'ya, ya nuna, ya zubar. Wanda ya makara da mako biyu, zuriyarsa ta yanke. Sauran wata takwas ko tara na shekara kuwa, daga kaka zuwa hunturu zuwa bazara, kusan ba ɗigon ruwa, a watan Afrilu ma zafin iska yakan haura digiri 40, na saman rairayi kuwa ya wuce 50.

Abin mamaki, masu irin wannan hali a duniya ba sai maƙwabtanmu na bakin Sahara ba. Can ƙuryar arewacin duniya, a Alaska da arewacin Kanada da Saibiriya ta ƙasar Rasha, akwai wani shimfiɗaɗɗen fili marar itatuwa da ake kira tundura, inda ƙarƙashin ƙasa yake a daskare shekara da shekaru, ba abin da ke narkewa sai ɗan samanta, galibi abin da bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba, shi ma na ɗan lokaci. Abin da ke sauko musu daga sama a shekara, ruwa da ƙanƙara duka, a wurare da yawa bai fi milimita 250 ba, bai kai rabin namu ba ke nan. Lokacin tsiro kuwa wajen kwana 50 ne zuwa 60. Sai dai Allah, da ya ƙuntata musu kwanaki, ya yalwata musu haske, domin a garin da ya fi kowane nisa arewa a Alaska rana takan yi fiye da kwana 80 ba ta faɗi ba. Da ƙanƙara ta janye sai filin nan ya rufe da furanni gaba ɗaya, gajeru, manne da ƙasa saboda tsoron iska. Akwai mai juya fuskarsa yana bin rana duk inda ta karkata don ya tara ɗumi a cikinsa, ƙudaje su zo shan ɗumin su tafi da bununi. A wuraren da ruwa ke kwanciya kuwa, a Alaska da gabashin Saibiriya, wani fure mai launin shuni da ake kira airis yakan mamaye fadama a watannin Yuni da Yuli, sa'an nan ya ɓace.

Su sanyi ne ya tsare su, mu kuwa fari, amma hukuncin ɗaya ne: dogon jira da gajeren aiki. Bambancin da ke akwai shi ne na dabara. A can lokaci bai isa iri ya tsira har ya kai ga 'ya'ya a shekara guda ba, saboda haka kusan dukan tsirransu masu daɗewa ne, da yawa daga cikinsu ma sukan ƙulla tohon furen baɗi tun bana, su kwana da shi ƙarƙashin ƙanƙara. A nan kuwa zafi na sa girma ya yi sauri, don haka tsirranmu sun kasu biyu: akwai masu ɓoye ransu a cikin albasa ko curin saiwa, akwai kuma, su ne mafiya yawa, masu mutuwa ɗungum kowace kaka su bar amanar zuriya a hannun ƙwaya.

Masu albasa su ne 'yan gaba. Albasar nan ba wani abu ba ce illa rumbu: abin da ganye ya tara na abinci da ruwa a daminar bara, shi ake ajiyewa a ƙarƙashin ƙasa, inda zafin rana da bakin akuya da wutar daji ba su kaiwa, domin a buɗe shi ranar da ruwan fari ya sauka, da ruwan ciki ai ake jan na rijiya. Shi ya sa ba su jiran su yi ganye kafin su yi fure, kamar yadda sauran tsirrai ke yi. Mafi ban sha'awa a cikinsu, a ganina, shi ne hatsin manoma, wanda ke son jigawa da tsohuwar saura. 'Yan kwanaki kaɗan bayan ruwan shuka sai ka ga ɗan kara ya ɓullo daga rairayi tsirara, da toho a kansa. Idan la'asar ta yi sanyi, wajen magariba, sai tohon ya buɗe ya zama fure fari fat, mai dogon wuya da siraran kunnuwa shida, ƙamshinsa ya cika wurin. Farin nan da ƙamshin nan ba don mu aka yi su ba. Akwai wani irin malam-buɗe-littafi na dare, mai kauri, mai dogon baki da yake naɗewa, wanda shi ne ke iya kai wa ga ruwan zaƙin da ke can ƙasan wuyan furen. Fari ne launin da ya fi ganuwa cikin duhu, ƙamshi kuwa shi ke yi masa jagora daga nesa. Yana sha, bununi na manne masa, ya kai wa na gaba. Kafin hantsin gobe ya dubi ludayi furen ya yi yaushi, ya sunkuya, aikinsa ya ƙare. Dare ɗaya tak, bayan jiran shekara. Kuma da yake ruwa guda ne ya tashe su, sukan buɗe tare, ta yadda mai kai bununi ba zai rasa na biyu ba idan ya bar na farko. Wanda duk ya yi tunani a kan wannan tsari, yadda aka daidaita tsawon wuyan fure da tsawon bakin ƙwaro, aka daidaita sa'ar buɗewar wannan da sa'ar tashin wancan, alhali ba ɗayansu da ya san ɗaya, ya san akwai tadbiri a cikin lamarin.

Albasar kura ma ba ta jiran ruwan sosai, tun ana cikin bazara takan turo dogon kara, wani ya kai tsayin mutum, jere da ƙananan furanni masu fari-fari, ganye sai daga baya. Makiyaya sun san ta, sun kuma san dafi ce ga dabba. Albasar kwaɗi ita kuwa sai bakin tafki da fadama, inda ruwa ke kwanciya, furenta manya, farare, kowane kunne da jan zane a tsakiyarsa, kuma danginta ne gadalin da Fulani da masu magani ke dasawa a bayan ɗaki.

Amma 'yar'uwar airis ɗin can ta Alaska ta haƙiƙa a ƙasar Hausa ita ce rumana, domin masana tsirrai sun sa su a gida ɗaya, kuma ko a ido ana ganin kamar, ga ganye mai faɗi da tsini a tsaye, ga kunnuwan fure uku-uku. Rumana ta fi yawa a dazuzzukan kudu, wajen Zazzau da Bauci, inda ruwa ya fi sauka. Nan arewa sai wurin da danshi ke daɗewa, sai kuma a buhun masu sayar da magani a kasuwa, gama an daɗe ana amfani da curinta wajen ciwon ciki da atuni, na mutane da na dawaki. Takan yi fure a tsakiyar damina, ja da ruwan goro da rawaya, a jere a kan kara ɗaya, na ƙasa ya fara buɗewa, na sama su bi shi ɗaya bayan ɗaya. Jinsin nan, wanda masana ke kira Gladiolus, yana da iri wajen 300, mafi yawansu a kudancin Afirka. Daga can ne Turawa suka ɗauki irin rumanar nan mai ja a farkon ƙarni na 19, aka yi ta aure da waɗansu a lambunan Beljiyam da Faransa da Ingila, har aka sami manyan furannin da ake nomawa yau gona-gona ana sayarwa a kasuwannin Turai. Abin da muke takawa a daji, wasu sun mai da shi dukiya. A cikin gidan nan dai har wa yau akwai wani da kowane almajiri ya san sunansa ko da bai taɓa ganin furensa ba, watau za'afaran, wanda malamai ke yin rubutu da shi: siraran zare uku ne kawai ake tsinka daga kowane fure, sai an tsinke fure wajen dubu 150 kafin a sami kilo ɗaya, mafi yawan na duniya kuwa daga Iran yake fitowa, furen kuma makonni kaɗan yake yi a shekara.

Wajibi ne a yi gargaɗi game da baurairai, wanda wasu ke kira gatarin kurege. Ba furen da ya kai shi kyau a dajinmu: yana hawan sabara ko geza da ƙugiyar da ke bakin ganyensa, kunnuwansa shida sun lanƙwashe baya, gindi rawaya, kai ja wur. Mutanen Zimbabuwe sun ɗauke shi furen ƙasarsu, a kudancin Indiya kuma noma shi ake yi ana fitar da maganin ciwon gaɓoɓi daga ƙwayarsa. Amma fa dukan jikinsa guba ne, musamman saiwar, wadda ke kama da ɗan rogo ko doya, kuma ta kashe mutane a ƙasashe dabam-dabam waɗanda suka ci ta bisa kuskure. A nuna wa yara shi, a gaya musu na kallo ne.

Sai kashi na biyu, masu barin ƙwaya. Nan hikimar ta fi ɓoyuwa, domin babban haɗarin ƙasar nan ba rashin ruwa ba ne kaɗai, har da ruwan yaudara, wanda zai sauka a watan Mayu, kowa ya fita shuka, sa'an nan sama ta ɗauke kwana ashirin, tsiro ya ƙone, a koma neman iri. Manomi yana da sauran iri a rumbu ko a kasuwa; to, haki fa? Da a ce dukan ƙwayoyin tafasa ko na ƙarangiya za su tsira da ruwan fari, da fari ɗaya ya isa ya shafe su daga doron ƙasa. Sai aka halicce su ba su tashi tare. Waɗansu ɓawonsu na da tauri, ruwa ba ya ratsa shi sai zafin rana da sanyin dare da gogar rairayi sun tsattsaga shi, wani bana, wani baɗi, wani sai bayan shekaru. Waɗansu kuwa akwai abin da ke hana su tsiro a jikin ɓawon, sai ruwa mai yawa ya wanke shi, yayyafi ba ya ruɗinsu. Ta haka ƙasa ba ta taɓa rabuwa da ajiyayyen iri. Iyakar daɗewar da rai ke iya yi a ɓoye kuwa Allah kaɗai ya san ta: a shekarar 2012 masana a Rasha suka ba da labarin sun rayar da wani ɗan tsiro mai farin fure daga 'ya'yan da suka tono a ramin kurege a daskararriyar ƙasar Saibiriya, kusa da kogin Kolima, waɗanda aka ƙiyasta sun haura shekara dubu 30 a binne.

Saura tambaya guda: yaya tsiron da bai san Jabaha ko Harsan ba yake sanin damina ta kusa ƙarewa? Amsa ita ce tsawon yini. A Daura yini mafi tsawo, cikin Yuni, bai cika sa'a 13 ba, mafi gajarta kuwa, cikin Disamba, ya ɗara sa'a 11 da kaɗan. Bambancin ƙanƙane ne idan aka gwada da ƙasar da rana ba ta faɗuwa, amma ganye yana auna shi daidai. Da dare ya ƙara tsawo a ƙarshen Agusta, sai yawancin ciyayin daji su bar yin ganye su juya ga fure, babba da ƙarami, wanda ya tsira da wuri da wanda ya makara, ko da tsayinsa bai wuce taƙi ba. Manomi ya san wannan a dawarsa ta gargajiya da maiwa, waɗanda ko an shuka su da wuri ko an yi jinkiri, lokacin fitar da kansu kusan ɗaya ne.

Daga marka zuwa farkon kaka ne daji ke cika ado. Tsidau, da muke tsine wa saboda ƙayarsa, yana shimfiɗa ƙananan furanni rawaya da safe, karkashi da nasa mai ruwan hoda, gasaya fari, tafasa da rai-ɗore rawaya, duman rafi ya malale bakin kwari da manyan furanni masu jan shuni, su buɗe da sassafe su rufe kafin azahar, kyasuwa da komayya su fitar da kai, iska na kaɗa su. A tafkuna kuwa sai bado, wanda curinsa ya kwana a cikin busasshen taɓo tun bara, shi da gaiwa, ya shimfiɗa ganye a kan ruwa ya buɗe farin furensa da dare, ya rufe idan rana ta ɗaga.

Akwai fure ɗaya da ba manomin da ke murnar ganinsa, ko da yake idan gona ta rufe da shi baƙo zai tsaya yana yaba kyau. Shi ne ƙuduji, ko wuta-wuta. Ƙwayarsa ƙanƙanuwa ce har ido bai cika rabe ta da ƙura ba, tushe ɗaya yakan zubar da dubu 50 har fiye, tana kuma iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma ba ta tsira ba, sai ta ji wani abu da saiwar gero ko dawa ke fitarwa, sa'an nan ta fashe ta kama saiwar ta shiga tsotso. Kafin furen nan mai jan shuni ya bayyana a sama an riga an yi ɓarnar a ƙasa. Haƙurin nan da muka yaba a wurin sauran, shi ne makaminsa. Ya fi ƙarfi a gonar da ta gaji, don haka maganinsa taki, da sassauya shuka da wake ko gyaɗa ko waken suya, da tuge shi a ƙone tun bai zubar da iri ba. Ban kawo shi nan don in wanke shi ba. Na kawo shi ne don a san cewa wanda ya san halin tsiro shi ke iya yaƙarsa, kamar yadda shi ke iya amfana da shi.

Amfanin kuwa ba kaɗan ba ne, kuma kakanninmu ba su jahilce shi ba. Tsakanin shuka da fitar sabon gero, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tafasa da gasaya da yaɗiya da lalo da karkashi su ne ke riƙe gidaje da yawa har gobe. A manyan yunwoyi, irin ta 1914 da ake kira Kakalaba, da farin 1973 da na 1984, mutane a ƙasashen bakin Sahara sun koma ga curin bado da ƙwayarsa, har da ƙwayar ƙarangiya, suka rayu. Ƙudan zuman da ke cika amya a kan gawo da ɗorawa, da furen damina yake tara zumar kaka. Shi da 'yan'uwansa ƙwari kuma su ne ke kai bununi ga kabewa da duma da kankana da riɗi, har amfaninsu ya ƙaru. Harawar daji da yayin da dabba ke ci da rani gawar waɗannan tsirrai ce. Saiwoyinsu kuma, da busasshen jikinsu, su ke riƙe rairayi kada iskar hunturu da guguwar bazara su kwashe shi.

To, ina suke yanzu? Dattawan Baure da Zango da Mai'aduwa za su gaya maka cewa a da tsakanin gari da gari akwai daji, gona kuma idan ta gaji akan bar ta ta yi saura shekaru. Yau jama'a ta yawaita, ƙidayar 2006 ta ba Jihar Katsina mutum wajen miliyan 5.8, an kuma ƙaru ƙwarai tun daga nan. Gona ta haɗe da gona, saura ta zama labari, burtali ya tsuke, makiyayar da dokar Jihar Arewa ta 1965 ta yi nufin karewa an ci gefen da yawa daga cikinsu. Farin shekarun 1970 da 1980 ya kashe gamba a wurare masu yawa na bakin Sahara. Sa'an nan ga maganin feshi, wanda ya shigo cikin 'yan shekarun nan ya zama ruwan dare. Ba na ganin laifin manomin da ya saye shi, gama kuɗin ƙwadago ya fi ƙarfin talaka, kuma ciyawa ba ta jira. Abin da ke damuna shi ne israfi: a fesa gona, a fesa iyaka, a fesa bakin hanya da bakin tafki, wurin da ba a shuka kome ba, ba kuma za a shuka ba. Ƙwaya tana iya jure farin shekara uku, amma ba ta iya jure a kashe 'ya'yanta kowace shekara kafin su yi fure, domin ajiyar da ake ɗiba ba a mayarwa ƙarewa take yi. Albasa kuwa, da garma ta tone ta ta bar ta a rana, shi ke nan. Har ta kai a wasu garuruwa, idan kana neman tsirran da aka sani a da, sai ka leƙa tsohuwar maƙabarta, inda garma da feshi ba su shiga.

Tare da tsiron kuma suna ke tafiya. Wani likita ɗan Sikotlan, Dokta Dalziel, wanda ya yi aiki a ƙasar nan a farkon zamanin Turawa, ya bi manoma da makiyaya da masu magani yana tambaya, har ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, da wani babba a kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma a 1937; ƙamus ɗin Bargery na 1934 shi ma cike yake da su. Ilmin ba nasu ba ne, na kakanninmu ne, su dai sun rubuta. Abin kunya ne a ce yau ɗan sakandare a Daura ya iya zana furen da bai taɓa gani ba daga littafin makaranta, amma a nuna masa hatsin manoma a bayan garinsu ya ce ciyawa ce. Alhali kuwa Alƙur'ani mai girma, a Suratul Hajji da Suratur Rum da waɗansu surori, da rayar da matacciyar ƙasa bayan saukar ruwa ya kafa hujjar tashin ƙiyama, ya kuma umurce mu da dubawa da tunani. Ban san wata ƙasa da aka fi shimfiɗa wa mutanenta wannan aya a fili kowace shekara kamar tamu ba.

Gyara kuwa ba gagara ya yi ba, mun ma ga misalinsa a ƙofar gida. Ƙetaren iyaka kaɗan, a ƙasashen Magarya da Matamaye, da kuma wajen Maraɗi, tun daga shekarun 1980 manoma suka ɗauki abin da suke kira sassaben zamani, watau barin tohon gawo da kalgo da sabara ya girma a gona maimakon a sare shi, har masu bincike suka ƙiyasta an farfaɗo da fili wajen hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar, ba da dashe ba, da kyalewa kawai. Abin da ya yiwu ga itace zai yiwu ga haki, gama shi ma ba ya roƙon a shuka shi. Shari'a ma ta san keɓe fili don maslahar jama'a, Sayyidina Umar ya keɓe makiyayar Rabaza, garuruwanmu kuma tun da can suna da hurumi.

Saboda haka ina roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni na masarautar Daura su tsare abin da ya rage na hurumi da burtali da bakin tafki. Manoma su tsai da feshi a inda shuka ta tsaya, su bar iyakar gona da gambarta. Malaman makaranta, na boko da na allo, su fita da yara bayan gari sau ɗaya a farkon damina, sau ɗaya a marka, tare da wani dattijo ko makiyayi ko unguwarzoma da ta san itatuwa. Kai kuma mai karatu, idan Allah ya kai mu ruwan shuka, ɗauki takarda da alƙalami, ko wayarka mai hoto, ka rubuta sunan kowane fure da ka gani, da wurin, da ranar, da abin da tsofaffi suka ce yana yi, ka ajiye wa 'ya'yanka. Kada ka ce sai an gama noman fari, domin kafin nan hatsin manoma ya riga ya wuce.